Hannun Hassane a Kan Baƙar Mota

Saura kwana uku a ɗaura wa Salamatou aure baƙar motar nan ta shigo garajin yayanta. Amma kafin in kai ku wurin motar, bari in gaya muku ko wane ne yayan, tun da ba kowa ne ya yi rashin sa'ar saninsa ba.

Sunansa na yanka Chaibou, sai dai in ka shiga Agadas kana tambayar Chaibou, a tasha za ka kwana. Ka ce Bahago mai gugar mota, ko akuya ta nuna maka hanya. Ɗan kawuna ne, uwata da ubansa ciki ɗaya, wato taubashina, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa halal ne. Shi yana ce mini bawansa. Ni kuwa na san wanda ke durƙuso gaban ƙafar motar wasu tun safe har magariba, na kuma san wanda ke zaune yana shan shayi. Sunana Inoussa, kabu-kabu nake yi da motona, wato babur, ranar da na ga dama.

Dogo ne siriri, in ya juya gefe sai ka ɗauka ya tafi. Kunnuwansa kuwa, in iska ta taso sai an riƙe shi. Shekararsa arba'in da ɗaya, mata ɗaya, 'ya'ya huɗu. Dariya na ƙirga masa guda shida tun tasowarmu, biyu daga ciki ma daga baya na gane tari ne.

Ubansa, marigayi kawuna, magini ne daga Tasawa. Ya zo Agadas aikin wata uku, ya yi shekara arba'in. Yakan tsaya gaban katanga ya ce wane ne ya yaɓe wannan, kuma ranar ya yi faɗa da matarsa. Ya ce tafin hannun kowa da yadda yake tafiya a kan laka. Bahago ya gaji idon, bai gaji son laka ba. Tare aka sa mu lakwal, wato makarantar boko. Mushe, wato malaminmu, ya yi shekara uku yana dukan hannun hagun nan don ya koma dama, hannun ya ƙi, mushe ya gaji, Bahago ya kama gabansa. Ni na daure har aji shida, shi ya sa ni ke rubuta labarinsa ba shi ke rubuta nawa ba.

Zamanin da Turawan yawon buɗe ido ke cika garin nan ya fara wanke musu katkat, manyan motocin nan na shiga rairayi, a ƙofar masauki. Wani tsoho ɗan Togo mai fentin mota ya ga yadda yake bin lungu-lungu, ya ja shi jikinsa ya koya masa aiki. Turawa suka ɗauke ƙafa, tsohon ya koma ƙasarsu, ya bar masa rumfa da mashin ɗin guga. Aka sha wuya 'yan shekaru. Sai zinariya ta ɓulla a arewa, mutanen da jiya ba su da jaki suka wayi gari da katkat, kowa kuma yana son tasa ta fi ta maƙwabcinsa ƙyalli. Tun daga nan rumfar Bahago ba ta sake zama ba mota ba.

Ga yadda yake aiki, don sai kun san wannan za ku gane abin da ya faru. Mota ba ta shiga hannunsa da zafi, sai ta huce a inuwa kamar baƙon da ya sha hanya. Ya wanke ta da roba biyu, ɗaya ta sabulu, ɗaya ta ɗauraye soso, don kada ƙwayar rairayi ɗaya ta koma jikin fenti. Sannan ya sa hannu cikin leda ya shafa jikinta a hankali, ido rufe, yana neman tsakuwar da ido ba ya gani. Inda ya ji kaushi ya bi da wani danƙo shuɗi da ake kawo masa daga Libiya, ya tsince dattin, ya goge da alkol irin na asibiti. Daga nan sai madubi. Yana da ɓallen madubin wata tsohuwar babbar mota. Mutum zai tsaya a bakin rumfa ya tari rana da shi, ya jefo hasken a karkace kan fenti. Motar da kake gani tana walƙiya, nan take sai ka ga jikinta duk karce ne, zagaye-zagaye sirara kamar saƙar gizo-gizo. Su ne abokan gabarsa. Da mashin da wani farin mai mai ɗan kaushi yake cinye su, taƙi bayan taƙi, har fenti ya kwanta kamar ruwan randa. Sai a ƙarshe ya shafa man rufi, wanda suke ce wa sir, ya bushe ya zama wata siririyar fata a kan fentin. Bai taɓa shafa sir a kan karce ba. Ya ce sir ba ya gyara komai, yadda ya sami abu haka yake kulle shi.

Karcen nan kuwa shoferorinmu ne ke yin sa da hannunsu, don ƙauna. Shofer na hamada in ya tashi da safe ya ga rairayi ya kwanta wa motarsa, ruwan da ke bidon kuma na sha ne ba na wanki ba, sai ya naɗe jelar rawaninsa a hannu ya hau sharewa a bushe. Yana ganin gata yake yi mata, alhali niƙa yake yi. Kuma kowa da irin sharar tasa. Bahago yakan dubi kapo, wato murfin injin mota, ya ce wannan gajere ne, hannunsa bai kai tsakiya ba, wancan kuma da haushin mai gidansa yake shara.

A cikinsu duka babu wanda ya sha zaginsa kamar Hassane, mijin ƙanwarsa Salamatou. Hassane shofer ne na hanyar arewa, Dirku, Segedin, har bakin iyaka. Yana da zoben azurfa mai tudun kai a yatsan tsakiya, gadon ubansa, ko wanka ba ya cire shi. In zai share mota zagaye uku yake yi, ya ja hannu ƙasa sau ɗaya, ya matsa gaba, zagaye uku, ja ɗaya. Kan zoben kuma yana danna rawanin ya bar layi guda mai zurfi cikin kowane zagaye. Shekara shida Bahago yana goge wannan ɓarna duk bayan wata huɗu, yana kirana in zo in gani.

“Dubi aikin mijin taubashiyarka! Uku da ja! Uku da ja! Kamar mai yanka albasa!”

Hassane ya yi dariya ya ce, “Yaya, in na daina, me za ka ci?”

Bara da bazara Hassane ya ɗauki kaya zuwa wuraren haƙar zinariya, bai dawo ba. Aka yi wata biyu ba shi ba motar. Sai ga mutum biyu, wani Kamilu da abokinsa, sun zo gidan Kawu Idrissa, ƙanen uban su Bahago, wanda shi ne babba a gidan yanzu. Suka ce sun tarar da gawarsa gaba da Segedin, ƙishirwa ta kashe shi, sun yi masa sutura da hannunsu. Suka kawo salularsa da takalmansa, suka rantse. Aka yi zaman makoki. Salamatou ta yi takaba wata huɗu da kwana goma ta fita. Bayan wasu watanni Illiya ya fito neman aurenta, wani mutumin kirki mai aiki a tashar wuta ta Anu Araren, shi ma matarsa ta rasu. Ba wanda ya matsa mata. Ta dubi 'ya'yanta mata biyu, ta dubi mutumin, ta ce to. Aka sa ranar Asabar.

Ranar Laraba da hantsi ina garaji ina taya Bahago aiki, wato ina shanye masa shayi, sai baƙar katkat ta shigo ba ƙara, kamar ta san wurin. Ba lamba gaba ba lamba baya, amma wannan ba abin mamaki ba ne ga motocin daji. Mutum ɗaya ne a ciki. Gajere, mai ɗan jiki, farar riga ba ɗigon datti, murya kamar ta mai lallashin jariri. Ya gaishe mu gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, har motona da ke jingine ya tambaya. Ban taɓa jin gaisuwa ta sa mini sanyi a ƙeya ba sai ran nan. Bai faɗi sunansa ba, mu ma ba mu tambaya ba. Patron muka ce masa.

“A goge ta, a sa mata sir,” ya ce. “Yau nake so, don yau zan koma.”

Ya ɗauki kujera da kansa ya kai ta jikin katanga, inda zai riƙa ganin ƙofa da mota gaba ɗaya, ya zauna.

Bahago ya bar ta ta huce, ya wanke, ya bi ta da leda da danƙo. Ya sunkuya ya shinshina ƙofa, ya danna farce a wani lungu ƙarƙashin murfin esans, inda ake zuba wa mota mai.

“Fentin nan sabo ne, Patron. Bai kai wata uku ba.”

“Wata biyu,” in ji mutumin, yana murmushi. “Ashe gaskiya aka gaya mini, kana da hanci.”

“Bawa, tashi ka riƙe madubi.”

Na tashi ina ƙunƙuni, na tari rana na jefa ta a kan kapo. Baƙin fenti ba ya rufa wa kowa asiri. Hasken na sauka karcen ya tashi gaba ɗaya, tun daga gindin madubin gaba har hancin motar. Zagaye uku, ja ɗaya. Zagaye uku, ja ɗaya. Cikin kowane zagaye da layi guda mai zurfi.

Bakina ya riga hankalina, kamar kullum.

“Kai! Wannan ai sak aikin Ha...”

Jiƙaƙƙen soso ya same ni a baki, da sabulu da komai.

“Riƙe madubi da kyau, ɗan banza, za ka kashe mini ido!”

Na tofar da kumfa zan rama, sai na ga hannunsa. Hannun hagun nan da mushe ya kasa lanƙwasawa, yatsansa yana bin layin zoben a gefen kapo. Sai a lokacin abin ya shigo kaina. Karcen nan a bisa fenti yake, fentin kuma wata biyu. Mutumin da aka binne bara ba ya share motar da aka yi wa fenti bana. In hannun Hassane ne, to Hassane yana numfashi a wani wuri. In kuwa yana numfashi, gata za a ɗaura wa matarsa aure da wani.

Bahago ya zagaya motar, ni ina binsa da haske. Ƙofar dama haka, ƙofar hagu haka, baya haka. Wasu layukan sun dushe, wasu sababbi ne fil, na makon nan. Ya miƙe ya goge hannu a wando.

“Patron, wa ke share maka motar nan?”

“Wani mutumina. Me ya sa ka tambaya?”

“Don in ce a ƙwace masa rawani. Ya kashe maka fenti.”

Mutumin ya yi dariya ƙasa-ƙasa. “Ka ji abin mamaki, shi ya ce in kawo ta nan. Ya ce ya taɓa jin labarin wani bahago a Agadas, duk ƙasar nan ba mai hannunsa. Ya dame ni da maganar har na gaji.” Ya ɗan karkata kai. “Ko ka san shi ne?”

Na ji madubin ya yi nauyi a hannuna kamar buhun siminti.

“Masu rawani nawa ne tsakanin nan da Libiya?” Bahago ya ce, bai ɗago ba. “Duk haka suke yi. Ɗan ina ne?”

“Ban tambaye shi ba. Ya iya mota dai. In ta mutu a tsakiyar rairayi, shi ke tada ta da waya da tsumma. Irin wannan mutum in Allah Ya ba ka shi, ba ka barin ya yi nisa.”

“Ba ya shigowa gari ke nan.”

“Me zai yi a gari? Ba shi da kowa. Haka ya gaya mini tun ranar farko, ba mata, ba 'ya'ya, ba dangi.” Ya gyara zaman rigarsa. “Da ma hakan ya fi masa sauƙi.”

Na laɓe bayan motar na zaro salula na ɗauki hoton karcen ƙofarta. Abin da ya fito rana ce, da rumfa, da hancina. Karce ba ya shiga hoto. Daga can jikin katanga, ba tare da ya ɗaga murya ba, Patron ya ce, “Ɗan'uwa, motata ba ta son hoto.” Na goge a gabansa. Don tsoro har hotunan sunan ɗana na haɗa.

Bahago ya tada mashin. Ka'idarsa daga kapo yake farawa, ran nan daga baya ya fara. Yana tafiya a hankali kamar mai aske kan jariri. Da rana ta kusa tsakiya ya kashe mashin ya ce mini da ƙarfi, “Je ka ce wa Salamatou ta kawo mana abinci. Ita za ta riƙo da kanta, don in kai ka riƙo, kwano kawai zai iso.” Da na zo wucewa ta gabansa ya damƙi hannuna har ƙashi ya amsa. “Bakinka,” ya ce a hankali.

Na same ta tana jera kayan da za a kai gidan Illiya. Ta zuba shinkafa da wake a kwano, ta hau bayan moto. Mun wuce kasuwa, mun wuce gidan mai, sai ta taɓa kafaɗata.

“Inoussa, wa ya mutu?”

“Ba kowa.”

“Tun da muka taso ba ka zage ni ba. Ba ka ce na yi wa moto nauyi ba. Wa ya mutu?”

Na ce mata iska ce ke shiga mini baki.

Mun iso ana kiran azahar. Patron ya yi alwala da butar Bahago, ya shimfiɗa darduma jikin katanga, ya ce mu zo mu yi jam'i. Bahago ya nuna masa hannuwansa da suka yi fari da mai, ya ce ya fara, za mu biyo. Mutumin ya fuskanci gabas ya ba mu baya, ya kabbara.

Raka'a huɗu muke da ita, kuma ba halin magana, don tsakaninmu da shi bai fi taku shida ba. Bahago ya yi mini nuni da ido, na ɗauki madubi. Ya kama gefen mayafin ƙanwarsa ya ja ta gaban kapo, ya danna kafaɗarta ta ɗan sunkuya. Na jefo hasken.

Da farko ba ta gane abin da ake nuna mata ba, fuskarta kawai take gani cikin baƙin fenti. Sai na ga idonta ya kama layi ɗaya ya bi shi. Ya zagaya, ya zagaya, ya zagaya, ya sauka. Ya matsa gaba ya sake. Shekara tara Hassane ke wanke farantin shayinsa da kansa, farantin yana nan a ɗakinta, duk jikinsa uku da ja ne. Ta miƙa yatsa za ta taɓa, Bahago ya riƙe wuyan hannunta. Kwanon abincin yana ɗaya hannun, murfinsa ya fara kaɗawa, ƙar-ƙar-ƙar. Na ajiye madubi na karɓe kwanon. Patron yana raka'a ta uku.

Kafin ya yi sallama ta gyara mayafi ta koma bakin rumfa ta tsaya, kamar wadda ke jiran a juye mata kwano. Ya shafa addu'a, ya juyo, ya dube ta tun daga sama har ƙasa.

“Iyalinka ce?”

“Ƙanwata ce,” in ji Bahago.

“Madalla. Sannu, Hajiya. Ina mai gidan naki yake aiki?”

Na buɗe baki ban san abin da zai fito ba, ta riga ni.

“Allah Ya yi masa rasuwa. Bara.”

“Ayya. Allah Ya jiƙansa.”

“Amin,” ta ce. Muryarta ko rawa ba ta yi ba. Ta juya ta fita da ƙafa, ba ta jira moto ba.

Da la'asar duk motar ta gama kwanciya, saura kapo. Bahago ya gwada dabara ta ƙarshe, kuma ba ƙarya ya yi ba.

“Patron, sabon fenti ba a kulle shi da sir. Yana bukatar ya sha iska wata uku. In na rufe shi yanzu zai iya yin gizo daga ciki. Ka dawo da ita bayan wata ɗaya, ka zo da mai sharar in nuna masa yadda ake yi.”

“Yau,” mutumin ya ce.

“Ko kapo kaɗai in bari...”

“Malam Bahago.” Murmushin yana nan, amma ya tsaya wuri ɗaya. “Tun safe kake zagaye kapon nan kamar akwai maciji a kai. Akwai abin da ka gani ne?”

“Karce na gani.”

“To goge shi.”

Ya ɗiga farin man sau huɗu a kan soson mashin, ya ɗora. Na riƙe masa haske, don ba shi da wani mai riƙewa. Na sha ganin yana cinye karcen Hassane yana zage-zage, ran nan shiru ya yi. Taƙi ɗaya ya tafi, ya goge da tsumma, wurin ya zama baƙi wuluk ba komai. Ya matsa gaba. Layukan zoben sun fi taurin kai, sai da ya bi su sau uku-uku. Kafin rana ta yi ja babu sauran abin da zai nuna wani ya taɓa ɗora hannu a motar nan. Ya goge da alkol, ya shafa sir, ya jira ya bushe, ya bi da tsumma mai laushi. Wallahi bai taɓa yin aiki mai kyan wannan ba. Kana ganin haƙoranka a jikinta daga ƙofar garaji.

Da mutumin zai shiga mota, Bahago ya ɗauko sabon tsumma mai laushi cikin leda ya miƙa masa.

“Ka ba mai sharar. Ka ce bahagon ya ga aikinsa, ya yi faɗa ƙwarai. Ya riƙa jiƙa wannan kafin ya taɓa fenti.”

Patron ya juya ledar gaba da baya, ya buɗe, ya warware tsumman ya kaɗa shi, ya duba ko'ina. Ba komai a ciki. Ya daɗe yana kallon Bahago.

“Zan gaya masa,” ya ce.

Ni kuma, da yake jarumi ne, na hau moto na bi shi daga nesa. Nufina in ga hanyar da zai ɗauka. Mun fita gari, gidaje sun ƙare, sai na ga baƙar motar ta tsaya a gefen hanya. Ba inda zan ɓuya, ko itace babu. Na iso dab da ita, madubin tagarsa ya sauka a hankali.

“Ɗan'uwa, na manta wani abu ne a wurinku?”

Na ce a'a, iska nake sha. Ya ce iskar wajen nan ba ta da kyau da yamma, in koma gida. Yadda na juya moton nan, har yau ƙafar baya ba ta daidaita ba.

Ranar Alhamis da safe muka je zauren Kawu Idrissa. Ya saurari Bahago har ƙarshe, yana jan carbi.

“Chaibou, Musulmi biyu sun rantse a zauren nan. Kai kuma ka zo mini da karcen mota. Ina motar?”

“Ta tafi, Baba.”

“Ina karcen?”

“Na goge.”

“Da hannunka?”

“Da hannuna.”

“Wa ya gani ban da kai?”

Ya nuna ni. Kawu ya dube ni tun daga hula har takalmi.

“Wannan? Wanda ya rantse ya ga kura tana tuƙa moto a hanyar Cirozerin?”

Ban taɓa nadamar bakina ba sai ran nan. Kawu ya ce an raba goro, mutanen Illiya sun shirya tasowa, ba za a kunyata mutumin kirki don zanen rairayi ba. Sai muka ji muryar Salamatou daga bayan ƙyauren cikin gida.

“Baba, a ba ni izini.”

“Faɗi, 'yata.”

“Sun kawo salula, sun kawo takalmi. Zoben fa? Ba a binne mutum da zobe, wanda ya yi masa sutura shi ke cirewa. Ran da suka zo na aika a tambayi Kamilu, ya ce bai ga zobe ba. Na yi shiru, na ce ko ruɗewa ce. Jiya na ga inda zoben ya bi, da idona. Baba, ina da miji. Ba zan shiga ɗakin wani ba.”

Carbin Kawu ya tsaya. Daga baya ya ce a kira masa Illiya, Bahago kuma ya je ya sanar da hukuma a asirce. Ya je, an rubuta, an ce a kama baki, don in maganar ta kai daji kafin a kai ga mutumin, Hassane ne zai fara biya.

Illiya ya zo daga Anu Araren ranar Juma'a da safe. Aka gaya masa komai. Ya sunkuyar da kai yana murza hularsa, sannan ya ce, “In yana da rai, Allah Ya dawo da shi ga 'ya'yansa. In mutane sun tambaya, ku ce ni na fasa.” Haka aka ce. Har yau akwai matan unguwa da ba sa amsa gaisuwarsa.

Da la'asar ɗin ranar Kamilu ya shigo garaji. Bai taɓa zuwa ba, ba shi da mota.

“Na ji an fasa biki.”

“Haka Allah Ya so,” in ji Bahago.

“Na kuma ji wata baƙar mota ta wuni a nan shekaranjiya.”

“Motoci na zuwa.”

Kamilu ya ɗauki ɓallen madubin daga inda na jingine shi, ya juya shi, ya tari rana, ya jefa hasken cikin idon Bahago. Ya riƙe shi a nan. Bahago bai kau da kai ba har hawaye suka zubo masa.

“Aikin nan naka yana cin ido,” Kamilu ya ce. “Ka riƙa hutawa.”

Ya ajiye madubin a hankali ya fita. Tun daga ranar ba a sake ganinsa a Agadas ba, shi da abokin rantsuwar tasa.

Asabar ta zo ta wuce ba a ɗaura komai ba. Shinkafar da aka saya maƙwabta suka ci, ni na ci rabon mutum tara. Wata huɗu ke nan. Ba labari daga arewa, mai daɗi ko marar daɗi. Bahago ya sa wa garajinsa ƙofar ƙarfe, matarsa ta ce ya rage cin abinci, ko da yake ban san inda za a rage a jikin nan ba. Salamatou ta kwance kayan da ta ɗaure ta mayar da kowane inda yake. A gari bazawara ce da aka fasa aurenta, haka take amsa jaje.

Rannan na biya gidanta cin tuwon banza, na tarar sun idar da sallar la'asar ita da Habsa, babbar 'yarta mai shekara takwas. Yarinyar ta ji abin da ta ji a bayan ƙyaure, kamar yadda yara ke ji.

“Inna, in mun gama salla, Allah Ya jiƙan Baba za mu ce, ko Allah Ya dawo da shi?”

Salamatou ta dubi ƙofar gida, ta dube ni.

“A waje, ko wa ya tambaye ki, ki ce Allah Ya jiƙansa. Da ƙarfi, kowa ya ji.”

“A ɗaki fa?”

Ta tashi ta tura ƙyaure ta sa sakata, sannan ta jawo yarinyar jikinta ta gaya mata a kunne.